MATAKAN GIRMAN FUREN RANA, DA HUKUNCIN CINIKINSA TUN YANA GONA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata shari'a ce da ta same ni a zaurena. Ta nuna mini cewa mutum ya kan sauke littattafai, amma tsiro guda na gona ya tsai da shi. Na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, don kada abin da ya sami waɗansu bayin Allah biyu ya sami waninsu.

Wata kaka da ta wuce, bayan sallar la'asar, yara suna wanke alluna, sai ga mutum biyu sun yi sallama. Ɗaya manomi ne daga ƙasar Safana, ɗaya kuwa Alhaji ne mai awon hatsi a kasuwar Batsari. Manomin ya samo irin wannan tsiro da malaman gona ke kira sanfulawa, mu kuwa mu ce furen rana, ya shuka gona guda a bayan gari. Da ya yi fure, gonar ta yi rawaya fatau, ko wane kai kamar faifai. Alhaji ya bi ta wurin, abin ya ba shi sha'awa. Shi kuwa manomi yana cikin matsuwa, yana da mara lafiya a gida. Suka yi ciniki a bakin gona, Alhaji ya biya kuɗi duka, bisa sharaɗin a bar amfanin a tsaye har ya nuna. Da aka girbe aka sheƙe, sai iska ta kwashe kusan rabi, don fanko ne, ba ƙwaya a ciki.

Alhaji ya ce, “Allah gafarta Malam, ni fa ƙwaya na saya, ba ɓawo ba. A ba ni kuɗina.” Manomi ya ce, “Allah gafarta Malam, da idonsa ya gani, ya taya na sallama. Da an sami riba, ai ba zai komo ya ƙara mini ba.”

Hukuncin wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne a littafi, zan kuwa kawo shi a ƙarshe. Amma da muka gama, sai Alhaji ya juyo ya ce, “To, Malam, ka ce ba a saye sai nuna ta bayyana. Gero na san nunarsa, dawa na san tata. Wannan fa, yaushe ne nunarsa ke bayyana?” Wallahi na rasa amsa. Na ce masa ya ba ni damina guda. Da ruwa ya sauka na shuka kunya huɗu a bayan makaranta, na sa almajirai biyu manya suna ƙidayar kwanaki suna rubutawa a allo, na kuma yi ta tambayar malaman gona. Ga abin da ya samu.

ASALINSA DA SUNANSA

Wannan tsiro baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa Amurka ta Arewa, mutanen ƙasar na farko su ne suka fara nomansa, shekaru fiye da 4,000 da suka shige. Mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16 na Miladiyya, ya daɗe can ana shuka shi don ado kawai. A ƙasar Rasha aka mai da shi abin mai. A shekarar 1829 wani talaka a garin Alekseyevka ya matse shi ya sami mai, daga nan nomansa ya bazu. Daga baya wani masanin iri mai suna Pustovoit, a birnin Krasnodar, ya yi ta zaɓen iri shekara da shekaru, har man da ke cikin ƙwaya ya tashi daga wajen sulusi ya kai kusan rabi. Rasha da Yukiren su ne kan gaba a nomansa a duniya, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 2022 man girki ya yi tsada ko'ina. A Afirka ana nomansa sosai a Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Uganda, da Sudan ta wajen Gadarif. A nan ƙasarmu, ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ita ke kula da irinsa, a 2010 kuwa ta fid da iri huɗu masu suna SAMSUN, daga 1 zuwa 4.

Larabawa suna kiransa dawwarus shamsi, watau mai juyawa tare da rana. Waɗansu kuma su ce abbadus shamsi, watau mai bautar rana. Malamai da dama sun ƙi wannan suna na biyu, ni ma ina bayansu, domin babu abin halitta da ke bauta wa rana a bisa ɗabi'arsa. Tsiro da ranar duka bayi ne, kowa yana bin abin da Mai shi Ya hore masa.

Shekarunsa kwanaki ne, daga 90 zuwa 120, gwargwadon iri. Malamai masu lissafin taurari sun san damina taurari bakwai ce, daga Haƙ'a har zuwa Harsan, ko wane tauraro kwana 13, sai Jabha mai 14. To, furen rana ya kan ci tauraro bakwai zuwa tara. Mun dai san tauraro alama ce ta lokaci, ba shi ke kawo ruwa ba, Allah ne Mai shayarwa. Waɗansu masana biyu a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka, sun tsara matakansa dalla-dalla a 1981, tsarinsu ne malaman gona ke karantawa. Ni kuwa na taƙaita su zuwa bakwai, yadda idon manomi zai iya rarrabewa.

MATAKI NA FARKO: TSIRO

Ba a yi masa binne kamar gero. Sai ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙe sosai. A nan ƙasar Ruma da Safana, inda ruwa ya kan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, abin da ya fi shi ne a shuka daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Hikimar ita ce furen ya zo ana cikin ruwa, nuna kuwa ta zo ruwa ya janye. Wanda ya yi sammako ƙwarai, kan zai nuna a tsakiyar marka ya ruɓe. Wanda ya makara, ruwa zai ɗauke masa yana tsakiyar fure.

Zurfin rami gaɓa biyu na yatsa, watau santimita 3 zuwa 5. Tsakanin kunya da kunya kamu ɗaya da rabi, watau santimita 75. Tsakanin rami da rami kuwa taƙi guda da ɗan ɗori, santimita 25 zuwa 30. A jefa ƙwaya biyu ko uku. Cikin kwana 5 zuwa 10 za a ga ya tsago ƙasa, ya fito da kunne biyu masu kauri kamar na wake, wani ma da ɓawon ƙwayar a kansa kamar hula. Waɗannan kunnuwa su ne guzurinsa kafin saiwa ta kama. Abokan gabansa a wannan lokaci su ne ɓera da kurciya da fakara, masu tone iri, da kaji in gonar tana kusa da gida, da kuma ƙasar da ta daskare bayan ruwa mai ƙarfi har tsiro ya kasa huda ta. Ba ya son inda ruwa ke kwanciya ko kaɗan.

MATAKI NA BIYU: GANYE DA SAIWA

Daga mako na biyu zuwa na biyar, aikinsa ganye ne a sama da saiwa a ƙasa. Ganyen farko biyu-biyu su ke fitowa, suna fuskantar juna, sa'an nan na bisa su riƙa fitowa ɗaya-ɗaya suna kewaya kara. Ganyen yana da faɗi da kaushi, karan kuma yana da gashi. Mai kallo zai ce tsiron nan ba ya sauri, alhali kuwa saurinsa a ƙarƙashin ƙasa ya ke. Yana da uwar saiwa guda mai nutsawa, wadda a ƙasa mai laushi ta kan wuce tsayin mutum. Ita ce ke sa shi jure ɗan fari fiye da masara.

A nan ne manomi ke yin aikinsa mafi girma. Bayan mako biyu a cire, a bar ɗaya tak a ko wane rami, don biyu a rami guda sai su ba da ƙananan kawuna. A yi noman fari da wuri, a yi maimai kafin ya kai gwiwa, domin a makonnin nan ne ciyawa ke iya danne shi. In ya rufe ƙasa da inuwarsa, shi ke danne ta. Taki ma a nan ya ke amfani, na gida tun kafin huɗa, na zamani kashi biyu, wajen shuka da kuma wajen wata guda. A tara masa ƙasa a gindi, don kansa zai yi nauyi, iskar hadari kuwa ba ta da sabo. Wani alherinsa kuma, ƙudujin da ke shanye gero da dawa, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, ba ya cin saiwarsa. Saboda haka gonar da ƙuduji ya addaba ta kan sami hutu da shi. Amma kada a maimaita shi a gona guda shekara bisa shekara, domin yana jan abincin ƙasa da yawa, cutarsa kuma ta kan zauna a wurin.

MATAKI NA UKU: TAURARO

Wajen kwana 35 zuwa 45, in ka tsaya bisa kansa ka leƙa tsakiyar ganyen ƙoli, za ka ga wani ɗan ƙulli kore mai tsinaye, kamar tauraron da yara ke zanawa a zayyanar allo. Wannan shi ne cikinsa, daidai da lokacin da mu kan ce gero ya yi ciki. Daga nan kara zai miƙe da gaggawa, cikin mako biyu ko uku ya kamo tsayin mutum, wani iri ya wuce.

A wannan mataki ne za ka ga abin da ya jawo masa suna. Da hantsi kan yana duban gabas, da azahar yana duban bisa, da almuru ya karkata yamma. Cikin dare kuma ya komo gabas tun kafin alfijir, ya jira. Almajiraina sun kafa tsinke a gefensa, suka tabbatar da haka da idonsu. Masana a wata jami'a ta Kalifoniya sun bayyana sababin a 2016. Ashe ba juyawa ya ke yi kamar mai wuya ba, girma ne. Da rana gefen kara na gabas ya fi tsawo, sai kan ya sunkuya yamma. Da dare gefen yamma ya rama, sai kan ya komo gabas. Shi ya sa ran da kara ya daina girma, ran nan juyi ya ƙare. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya wa tsiro lissafin dare da rana, ba shi da ido ba shi da agogo.

Manomi ya sani, a wannan lokaci ne a ke ƙaddara yawan 'ya'yan da kan zai ɗauka. Ƙishirwa ko yunwar taki a nan ta kan ƙanƙantar da kai, ruwan da zai zo daga baya kuwa ba ya mai da shi babba.

MATAKI NA HUƊU: FURE

Wajen kwana 55 zuwa 65 kan zai buɗe, ya tsaya yana fuskantar gabas, ba ya ƙara bin rana. Masanan nan sun ga cewa kan da ya fuskanci gabas ya fi saurin ɗumi da safe, ƙudan zuma kuwa sun fi zuwa gare shi ninki biyar bisa wanda aka juya yamma.

To, a nan ne Alhaji ya ruɗu, a nan kuma kowa zai iya ruɗuwa. Abin da mu ke gani mu ce fure guda, ba guda ba ne. Rawayan fukafukan nan na gefe, masu ɗaukar ido, ba sa haihuwa ko ɗaya. Aikinsu kiran ƙudan zuma ne kawai, kamar sanƙira. Furannin gaskiya ƙanana ne, suna cikin faifan, daga 1,000 har 2,000 a kai guda, ko wanne kuwa ƙwaya ɗaya zai zama in Allah Ya nufa. Ba sa buɗewa gaba ɗaya. Daga sahun gefe su ke farawa, kullum sahu biyu ko uku, suna shiga ciki, har su kai tsakiya cikin kwana 7 zuwa 10.

Ko wane ɗan fure yana bukatar garin fure, irin abin da mu ke kira bununi a gero. Amma na gero iska ke ɗaukarsa, na wannan kuwa yana da nauyi da danƙo, sai ƙwaro ya ɗauke shi daga kai zuwa kai. Wanda garin bai same shi ba, zai yi ɓawo daidai da na 'yan'uwansa, baƙi, mai kyan gani, amma ciki wayam. Da na bincika, sai na tarar abu biyu ne suka haɗu a gonar manomin nan. Ruwa ya yi tsaiko na wajen mako biyu yana cikin fure, sa'an nan an yi ta feshin maganin ƙwari a gonar wake da ke maƙwabtaka da shi, da hantsi, daidai lokacin da zuma ke kiwo. Saboda haka kada a yi feshi yana cikin fure. In ya zama tilas, a bari sai almuru. Wanda ke da amya kuwa, ya rataya ta kusa da gonar, ya ci riba biyu. Malaman gona sun ce kwana 20 kafin fure da kwana 20 bayansa su ne lokacin da ya fi bukatar ruwa a duk rayuwarsa.

MATAKI NA BIYAR: ƊURIN ƘWAYA

In fure ya ƙare, fukafukan rawaya za su yanƙwane su zube, kan ya sunkuya don nauyi, gona ta rasa kyanta. Mai wucewa zai ce ta lalace, alhali yanzu ne ta ke aiki. In ka ciro ƙwaya ka fasa, da fari ruwa-ruwa za ka gani kamar nono, sa'an nan ya yi kauri kamar ƙullu, sa'an nan ya daskare. Man yana taruwa ne a makonnin nan, daga abin da ganye ke dafawa. Don haka kada a figi ganyensa a ba dabbobi kamar yadda a ke figar karmamin dawa. Wanda ya figi ganye ya zubar da mansa da hannunsa.

Tsuntsu ma ya san wannan lokaci. Jan-baki da kurciya da buwa za su sauka tun ƙwaya tana nono, sai an tsare safe da yamma, da majajjawa da gwangwanaye, har ran girbi. A nan akwai abin lura gare mu. Kowa ya san fitinar da ta sami ƙasashen da ke bakin dajin Rugu a shekarun nan, yadda gonakin nesa suka gagara zuwa, har a 2021 hukuma ta rufe waɗansu kasuwanni, ta yanke waya. Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amfanin da ke bukatar tsaro kullum, wanda kuma karansa ya fi mutum tsawo, wurinsa gonar bayan gari ce, inda ido ke kai. Kada a aika yaro tsaron tsuntsu inda babba ke shakkar zuwa. Rai ya fi buhu.

MATAKI NA SHIDA: NUNA

Ga amsar tambayar Alhaji. Nunar furen rana ba a gabansa a ke duba ta ba, a ƙeyarsa a ke dubawa. Ka ɗaga kan ka dubi bayansa. In kore ne, da sauransa. In ya fara ɗashewa daga tsakiya, ya kama hanya. In ya zama rawaya duka kamar lemun da ya nuna, amma ƙananan ganyayen da ke kewaye da shi suna kore, ya kusa. Sa'ad da bayan ya yi rawaya, ƙananan ganyayen nan kuma suka koma ruwan ƙasa, to, ƙwaya ta cika, ba ta ƙara karɓar kome daga uwar. Wannan ya kan zo kwana 30 zuwa 45 bayan buɗewar fure. In ka shafa fuskar kan, busassun furanni za su kakkaɓe, ƙwayoyi su bayyana a jere. Ka ciro daga gefe, da tsaka-tsaki, da tsakiya, ka fasa ka gani. Na tsakiya su ne suka fi zama fanko, don su ne na ƙarshen fure.

MATAKI NA BAKWAI: BUSHEWA DA GIRBI

Ko da ta cika, wajen sulusin nauyin ƙwayar ruwa ne tukuna. Wanda tsuntsu bai dame shi ba, ya bari kan ya koma ruwan ƙasa a tsaye. Wanda ya dame shi, ya yanke kawunan da lauje, ya shanya a kan tabarma ko rumfa, fuskar tana kallon rana, ba a tsibe ba, don tsibi ya kan kawo zafi da fumfuna. In sun bushe a buga da sanda a hankali, a sheƙe, a sake shanya ƙwayar har ruwanta ya komo ƙasa da kashi 10 cikin 100. Alamarsa, in ka ciza za ta ce ƙas, ɓawo ya rabu da ƙwaya. Ƙwayar mai in an ɗura ta da danshi, sai ta yi zafi a buhu, man ya yi ɗaci. Abin da ya rage bayan matsa, kamar tunkuzar gyaɗa, abinci ne mai kyau ga shanu da kaji.

HUKUNCI

Yanzu mu komo zaure. Ya tabbata a hadisi, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana sayar da amfani kafin kyansa ya bayyana, ya hana mai saye da mai sayarwa duka. Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halil sun bi bayan haka. A mazhabarmu alamar dabino ita ce ya yi ja ko rawaya, alamar ƙwaya kuwa ita ce bushewa. Dalili shi ne garari, watau sayen abin da ba a san zai samu ko ba zai samu ba, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Saboda haka cinikin da aka ƙulla a kan fure, bisa sharaɗin a bar shi ya nuna, ɓatacce ne. Na ce manomi ya mai da kuɗi, amfanin kuwa nasa ne, ribarsa da hasararsa. Da ya ke kuɗin sun tafi wajen magani, Alhaji, Allah Ya saka masa, ya karɓi ƙwayar da ta samu bisa sabon ciniki da farashin ranar, sauran ya jinkirta masa har wata kaka. Suka yi musafaha suka tashi.

Bisa ƙiyasi da sauran ƙwayoyi, abin da na gani shi ne, kada a sayi furen rana a tsaye sai ƙeyarsa ta yi rawaya, ganyayen gefe sun koma ruwan ƙasa, ƙwaya ta ƙeƙashe. Wanda ya jira aka buge aka auna, ya fi kuɓuta. Allah ne Mafi sani, malamai kuwa in sun ga gyara su rubuto.

Wani zai ce, to, manomin da ya matsu a tsakiyar damina fa? Shari'a ba ta rufe masa ƙofa ba. Akwai cinikin salam. Ɗan kasuwa ya ba da kuɗi a take, ko cikin kwana uku, a kan awo sananne, da siffa sananniya, da ajali sananne wanda bai gaza kwana 15 ba. Sharaɗinsa, abin ya zama bashi a wuyan mai sayarwa, ba a ce sai na wannan gona ba. Sai dai ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah wajen farashi, kada ya mai da matsuwar ɗan'uwansa kasuwa. A kuma rubuta, a kafa shaidu.

Game da zakka, malamanmu sun ƙidaya iri 20 da a ke fitar wa zakkar noma in sun kai wusuƙi 5, watau sa'i 300. Masu mai a cikinsu huɗu ne: zaitun, da riɗi, da ƙurɗumu, da ƙwayar fijili ja. Furen rana ba ya cikinsu. Bisa mashahurin zance, manomi ba zai fitar daga ƙwayar ba, sai kuɗinta in sun kai nisabi, shekara ta kewayo. Ɗan kasuwa kuwa zai lissafa ta cikin hajarsa. Imamu Abu Hanifa yana ganin zakka a duk abin da a ke nomawa don amfani. Wanda ya fitar don fita daga saɓani, bai yi hasara ba.

NASIHA GA 'YAN KASUWA

Ƙwayar iri biyu ce. Baƙa ƙarama ita ce ta mai. Babba mai zane fari da baƙi ta ci ce, manta kaɗan ne. Ku saya da sikeli, kada ku dogara ga tiya, domin fanko yana cika tiya kamar yadda mai ƙwaya ke cikawa. Ko lafiyayyen ma ba shi da nauyi, buhunsa kaɗan ya ɗara rabin buhun dawa. Ku ɗebo daga ƙasan buhu ku fasa goma ku ƙidaya. Wanda zai ba manoma iri kuma, ya tambaya ko mai aure ne, don iri mai aure ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa.

Manomi kuma ya nemi mai saye tun kafin ya nemi iri. Ban ga layin furen rana a kasuwanninmu ba kamar yadda na ga na gero da rogo da dankali. Dattawanmu suna tune da yadda gyaɗa ta kasance dukiyar ƙasar nan har aka gina dala da buhunanta a Kano, sa'an nan farin 1973 da cutar 1975 suka durƙusar da ita. Darasin shi ne kada gida ya jingina ga amfani guda, kada kuma baƙon amfani ya kori geron rumbu. A fara da kunya kaɗan, a gwada, a ƙidaya kwanaki kamar yadda muka yi. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

A ƙarshen Suratul Fathi, Allah Ya buga misali da shuka da matakan girmanta, mai hankali ya koma can ya yi tadabburi. Ni dai abin da na tsinta a kunyoyina huɗu shi ne, ranar da tsiron nan ya fi kyau ba ita ce ranar da ya fi amfani ba. Sai ya zubar da ado, ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ke cika. Na faɗa wa almajiraina haka a ranar da muka girbe, na kuma faɗa wa kaina.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga cin haram, Ya zaunar da Batsari da Safana da sauran ƙasar Musulmi lafiya. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Haza wassalam.